"Babu Netwok" a Asibiti: Me Ke Faruwa a Bayan Fage, Kuma Me Ya Kamata Uwa Ta Yi?

Da wuya a sami uwar da ke zuwa babban asibiti a 'yan shekarun nan da ba ta taɓa jin kalmar "babu netwok" ba. A wajen yankar kati a ji ta, a wajen biyan kuɗi a ji ta, haka ma ɗakin gwaji da ɗakin magani. Ga yaro a goye jikinsa rau da zazzaɓi, ga layi ya ƙi motsi. Wasu iyayen kan ɗauka wulaƙanci ne kawai na ma'aikata. Mu da ke aikin jinya mun san cewa a mafi yawan lokuta gaskiya ake faɗa, kuma akwai wanda ke can wani ɗaki yana fafutukar gano inda matsalar take.

Me ya haɗa katinki da netwok?

A asibitocin da suka koma amfani da kwamfuta, bayanan majiyyaci ba a cikin na'urar da ke gaban ma'aikacin suke ba. Suna cikin wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garke, wadda kan kasance a wani ɗaki na asibitin ko ma a wani gari. Kwamfutar likita da ta ɗakin gwaji da ta masu magani duk wurinta suke zuwa ɗaukar bayani. Idan hanyar ta yanke, likita ba zai ga sakamakon jinin da aka riga aka gama ba, mai magani kuma ba zai ga abin da likita ya rubuta ba.

Yadda ake duba kwamfutar da ke nesa

Ma'aikacin sashen kwamfuta ba ya fara da zagaya ɗakuna. Daga kujerarsa yakan buɗe wani allo marar hotuna, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni da haruffa, ta ba da amsa da haruffa. Abin da yake yi ya yi kama da aikinmu idan an kawo marar lafiya: a fara duba numfashi da bugun jini kafin a shiga dogon bincike.

Umarnin farko shi ne ping. Wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ne ya rubuta shi a 1983. Aikinsa kamar sallama ne a ƙofar gida. Ana aika ɗan ƙaramin saƙo zuwa kwamfutar ɗakin gwaji, misali, a jira ta amsa. Idan ta amsa, allon zai nuna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya je ya dawo, ana lissafa shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan wasu saƙonnin sun dawo wasu sun ɓace, hanyar na nan amma tana da rauni, shi ne lokacin da shafi ke ta juyawa ya ƙi buɗewa. Idan shiru ne gaba ɗaya, to ko dai na'urar a kashe take, ko wayarta ta zare, ko kuma an saita ta kada ta amsa irin wannan sallama.

Umarni na biyu shi ne traceroute, wanda a Windows ake rubuta shi tracert. Shi yana bin saƙon zango-zango, yana nuna kowace na'ura da ya ratsa. Ta haka ake gane ko yankewar a cikin asibiti take, ko a wajen kamfanin da ke ba da intanet.

Idan kwamfutar ta amsa amma har yanzu aiki bai tafi ba, sai ma'aikacin ya shiga cikinta daga nesa. Hanyar da aka fi sani ita ce SSH, wadda Tatu Ylönen ɗan ƙasar Finlan ya ƙirƙira a 1995. Tana buƙatar kalmar sirri ko mabuɗi na musamman, kuma tana lulluɓe duk abin da ke wucewa don kada wani ya leƙa. Da ya shiga, zai tambayi kwamfutar halin da take ciki. A masu amfani da Linux akwai umarnin nmcli da ke nuna wace hanya ce a haɗe, wace ce a yanke. A Windows akwai ipconfig da ke nuna ko na'urar ta sami lambar adireshinta, akwai kuma PowerShell da Microsoft ya fitar a 2006, wanda da shi ake iya tambayar kwamfutoci da yawa lokaci guda.

Wani sa'in duk hanyoyi lafiya lau suke, abin da ya lalace shi ne tsarin da ke juya sunan shafi zuwa lamba, wato DNS. Kamar a ce akwai sabis a wayarki amma sunayen da kika adana sun goge. Ma'aikacin yakan gwada aika ping kai tsaye zuwa lamba irin 8.8.8.8 ta kamfanin Google. In lamba ta amsa suna ya ƙi, ya gano ciwon.

Inda dabarar ke tsayawa

Duk wannan bincike ta cikin netwok ɗin yake bi. Saboda haka kwamfutar da ta yanke gaba ɗaya ba ta shiguwa daga nesa. A nan ne za ki ga an bugo wa ma'aikaciyar jinya waya ana cewa ta duba ko fitilun na'urar raba intanet suna kunne, ko wayar bayan kwamfuta tana zaune daram. Sau da yawa dalilin bai wuce ɗaukewar wuta kafin a tada janareta ba, ko batirin inbata ya yi sanyi.

Akwai kuma matsalar da ta fi ƙarfin kowa a asibitin. A ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, abin ya shafi Najeriya da Gana da wasu maƙwabta, har harkar bankuna ta tsaya cak a wurare da dama. A irin wannan rana babu umarnin da zai gyara komai, sai dai a koma biro da takarda.

Abin da ya rage gare ki, uwargida

Na farko kuma mafi muhimmanci: taimakon gaggawa ba ya jiran netwok. Idan yaro yana jijjiga, ko numfashinsa yana sama-sama har awazunsa na lotsawa, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, kada ki tsaya a layin kati. Haka ma mai ciki da ke zubar da jini ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi. Ki nufi ma'aikaciyar jinya mafi kusa ki faɗa mata abin da kike gani, ko ki wuce ɗakin gaggawa kai tsaye. Kunya ba ta da wuri a nan.

Ki ɗauki hoton katin asibitin kowane yaro da katin rigakafinsa ki adana a waya. Duk sakamakon gwajin da aka ba ki a takarda, da kwalin maganin da yaron ke sha, su ma ki ɗauke su hoto. Ranar da kwamfuta ta ƙi, waɗannan hotuna za su gaya wa likita abin da yake buƙata. Ki riƙe 'yan kuɗi a hannu ko da kin saba turawa ta waya, domin POS ma netwok yake nema. Kuma ki tambaya cikin ladabi ko za a iya rubuta miki a takarda, matambayi ba ya ɓata.

Irin wannan bi-da-bi zai yi miki amfani a gida idan wayarki ta ƙi. Ki fara duba ko data a kunne take, ki danna *323# ki ga abin da ya rage in kina Najeriya, ki kunna yanayin jirgin sama ki kashe, sannan ki gwada wani shafin daban kafin ki ɗora wa kamfani laifi.

Hattara da masu "gyara daga nesa"

Ma'aikacin asibiti yana shiga kwamfutocin da aka damƙa masa ne, da izini. 'Yan damfara su ma sun san akwai wannan hanya. Duk wanda ya kira ki ya ce daga banki yake ko kamfanin waya, wai ki sauke wata manhaja ya gyara miki netwok, ki katse kiran. Wanda ya shiga wayarki yana iya ganin saƙonnin bankinki da lambobin sirrin da ake turo miki.

In kuma kina da 'ya ko ɗa mai son taɓe-taɓen kwamfuta, ki ƙarfafa masa gwiwa. Waɗannan umarnoni suna zuwa ne a cikin kwamfuta kyauta, kuma asibitocinmu na ƙara buƙatar masu iya su kamar yadda suke buƙatar mu masu allura.