Shekarar Share Fage: Asara Ce Ko Riba?

Duk shekarar da sakamakon JAMB ya fito sai ki ga gidaje sun rikice. Wata makinta bai kai ba, wata kuma ya kai amma lissafi ya kayar da ita a WAEC. Nan take sai baki ya rabu biyu: Baba ya ce a nema mata share fage, Gwaggo ta ce ina dalili, ga miji a hannu, a sa rana kawai a huta.

Ni dai a ganina, kafin a yanke hukunci ya kamata a san cewa share fagen nan iri biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba.

Na farko shi ne rimediyal. Wannan na wadda kiredit ɗinta bai cika biyar ba ne, musamman Turanci da lissafi. Za ta yi shekara tana gyara, ta sake zana WAEC ko NECO, ta sake JAMB, in an dace ta shiga aji ɗaya a jami'a. To, a nan kam shekara ta ƙaru, amma tushe ya yi ƙwari.

Na biyu shi ne IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi tun 1976, kafin ma a kafa hukumar JAMB a 1978. Darussa uku ake ɗauka, ana yin sa a wurare irin su makarantar share fage ta Funtuwa da CAS ta Kano. Wadda ta ci da kyau sai ta yanki fom ɗin shiga kai tsaye, ta faɗa aji biyu. Kin ga ke nan shekarar ba ta tafi a banza ba, tare za ku gama da ƙawarki da ta shiga ta JAMB. Sai dai fa ba tabbas ne na gurbi ba. Mai son likitanci ko lauya sai ta ƙona fitila sosai, don gasar ba ta wasa ba ce. Kuma don Allah a bincika ko cibiyar tana da rajista, kar a zuba kuɗin makaranta a rijiya.

Saura maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato aure. Da yawa ana cewa "ki bari in kin tare kya ci gaba", daga nan sai ciki, sai goyo, takardu su tsufa a ƙasan akwati. 'Yar uwa, in kina da manemi, a yi maganar nan tun kafin a karɓi sadaki, a gaban waliyyai, ba a zaure wajen zance ba. Wanda ke son ki don Allah ba zai ga shekara ɗaya ta yi masa tsawo ba, in kuma aka ɗaura to ya cika alkawari.

Iyaye kuma ku dubi yarinyar kanta. Wadda ke da himma, kar a bar ta zaman jiran JAMB shekara da shekaru tana wanke-wanke. Da zaman banza gara aikin kishiya, balle neman ilimi.

Allah Ya yi mana zaɓi mafi alheri, amin.