Tarin Fuka a Ƙasar Auyo: Abin da Allurar BCG Take Karewa da Abin da Ba Ta Karewa

Tarin fuka, wanda aka fi sani da tibi, cuta ce da wata ƙwayar bakteriya take haddasawa, kuma likitan nan Bajamushe Robert Koch ne ya bayyana gano ta a birnin Balin ranar 24 ga Maris, 1882. Ƙwayar tana bin iska ne idan mai cutar huhu ya yi tari ko atishawa, ta daɗe tana yawo a ɗakin da ba shi da taga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutane kusan miliyan 10.8 suka kamu da ita, kuma Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu fama da ita.

Binciken garkuwar jiki, wato nazarin yadda jiki yake yaƙar cuta da kansa, ya nuna cewa idan ƙwayar ta isa huhu, wasu fararen ƙwayoyin jini sukan haɗiye ta, wasu kuma su zagaye wurin su killace shi. Sau da yawa ba ta mutuwa, kwanciya kawai take yi kamar garwashin da toka ta rufe, mutum yana harkokinsa ba ya tari kuma ba ya yaɗa ta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar, amma biyar zuwa goma cikin ɗari ne kawai cutar take tasar wa, galibi idan tamowa ko ƙanjamau ko ciwon suga ko shan taba sun raunana jiki.

Wannan bayani ya shafi Auyo kai tsaye. A shekarun ambaliyar Kogin Haɗejiya, irin ta 2022, iyalai da yawa sukan koma azuzuwan makarantu da gidajen 'yan'uwa su kwana a cunkushe, ga kuma ƙarancin abinci bayan ruwa ya cinye shinkafar fadama. Wanda ya shaƙi ƙwayar a wannan zama ba lallai ya fara tari ba sai bayan watanni ko ma shekaru, lokacin da babu mai tuna ambaliyar, shi ya sa ake ɗora laifin a kan sanyi ko ƙurar sussuka, wani lokacin ma a kan sammu. Akwai kuma tibin shanu, wanda yake kama mutum ta hanyar madarar da ba a tafasa ba, abin lura ne ƙwarai a yankin da makiyaya suke sauka kowane rani.

Rigakafin da ake da shi guda ɗaya ne, wato BCG, wanda Faransawa biyu, Albert Calmette da Camille Guérin, suka samar daga ƙwayar tibin shanu da aka raunana, aka fara amfani da shi a 1921. Ana yi wa jariri allurar a saman hannun hagu da zarar an haife shi, bayan 'yan makonni wurin ya yi ɗan ƙurji, ya fashe, ya warke ya bar tabo, kuma bai kamata a matse ƙurjin ko a gasa shi ba. Allurar tana kare ƙananan yara daga sanƙarau na tibi da kuma nau'in da yake bazuwa cikin jiki duka, don haka wajibi ne a kai jaririn da aka haifa a gida asibiti tun kafin suna. Sai dai kariyarta ga babban mutum ba ta da ƙarfi, kuma kuskure ne magidanci ya dogara da tabon hannunsa ya ƙi zuwa gwaji. Akwai wata sabuwar allura mai suna M72 wadda a gwajin da aka yi a Kenya da Zambiya da Afirka ta Kudu ta kare kusan rabin manyan da suke ɗauke da ƙwayar, kuma a 2024 aka shiga babban gwajinta, amma har yanzu ba ta iso asibitoci ba.

Saboda haka kariyar gida ta dogara ne a kan gano mai tari da wuri. Duk wanda ya yi mako biyu yana tari, musamman in akwai zufar dare da rama da zazzaɓi ko jini a kaki, gwaji ya kamace shi, domin maganin tarin kemis ba ya taɓa wannan ƙwaya. Na'urar GeneXpert tana bincika kaki cikin kimanin awa biyu, ta nuna har da ƙwayar da ta bijire wa magani. Magani na wata shida ne, iri huɗu a wata biyun farko, iri biyu a sauran huɗun, kuma ɗaya daga cikinsu yakan mayar da fitsari ja, wanda ba abin tsoro ba ne. Babban haɗari shi ne yanke shan magani don an ji sauƙi ko don aikin gona ya taso, domin haka ne yake haifar da tibi mai taurin kai wanda jinyarsa ta fi tsawo da wahala. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati, kuma ana iya kiran lambar 3340 kyauta domin sanin cibiya mafi kusa.