Tattakin da ke dawowa gida: Yadda ɗalibai suka buɗe hanyar sulhu tsakanin Jamusawa da 'yan Cek a birnin Brno

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin Bayoloji ya ji sunan Gregor Mendel, malamin cocin nan da ya yi ta shuka wani nau'in wake yana ƙirga 'ya'yansa, har ya gano yadda ɗa ke gadon siffofin iyayensa. Abin da littafin makaranta bai cika faɗa ba shi ne inda lambun yake. Yana cikin harabar wani tsohon gidan malaman coci a Brno, birni na biyu mafi girma a Jamhuriyar Cek, mai mutane kimanin 400,000. A nan Mendel ya yi gwajinsa daga 1856 zuwa 1863. Harshen gidansu Jamusanci ne, kuma da Jamusanci ya wallafa sakamakon bincikensa a 1866, amma yana jin harshen Cek, da masu magana da shi yake zaune.

Wannan wuri yana da wani tarihin da ba na wake ba. A daren 30 ga Mayu 1945, a dandalin da ke gaban gidan, wanda ke ɗauke da sunan Mendel, da wasu wurare na birnin, aka tara Jamusawan Brno aka kora su da ƙafa zuwa iyakar Ostiriya. A lambun gidan ne kuma, duk shekara, jikokin waɗanda aka kora da jikokin waɗanda suka zauna suke kammala wani tattaki na kilomita kusan 32.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kawo Jamusawa ƙasar Cek tun farko? Ai ba baƙi ba ne. Sun shekara ɗaruruwa a can, tun zamanin da sarakunan ƙasar ke gayyato masu sana'a da 'yan kasuwa su kafa garuruwa. Su Brünn suke kiran birnin. A ƙarni na 19 masaƙun ulu suka bunƙasa shi, masu masaƙun yawanci Jamusawa ne ko Yahudawa masu magana da Jamusanci, ma'aikatan kuwa 'yan Cek ne daga ƙauyukan kewaye. An yi auratayya, an yi maƙwabtaka, har harshen titi ya cakuɗe. Har gobe mutumin Brno ba ya kiran jirgin lantarkin da ke yawo a titunan garinsa da sunan da mutanen Prag ke kiransa. Shalina yake cewa, kalmar da aka yanko daga Jamusanci. Wannan karin magana na 'yan birni, wanda ake kira Hantek, cike yake da irin waɗannan kalmomi.

Sai dai zaman bai kasance na lafiya kullum ba. Kowane ɓangare ya gina nasa: 'yan Cek da zauren taronsu, Jamusawa da nasu, wannan da kwalejin fasaharsa, wancan da tasa. A watan Oktoba na 1905 aka yi arangama a kan titi saboda 'yan Cek na neman a buɗe musu jami'a da harshensu, Jamusawan da ke riƙe da majalisar birni suka ƙi. Sojoji suka soke wani matashin ma'aikaci, František Pavlík, ya mutu. Jami'ar ba ta samu ba sai a 1919, bayan an kafa ƙasar Cekoslobakiya. Zuwa 1930 Jamusawa sun koma 'yan tsiraru a birnin, kimanin mutum 50,000, wato kusan ɗaya cikin biyar.

Daga nan sai Hitila. A ranar 15 ga Maris 1939 sojojinsa suka mamaye abin da ya rage na ƙasar Cek, Jamusawan Brno da yawa suka fito suna murna, ko da yake akwai waɗanda suka yi adawa da shi suka kuma sha wuya a kan haka. Cikin 'yan kwanaki aka ƙona babban wurin ibadar Yahudawa. A Nuwamban shekarar aka rufe dukkan jami'o'in 'yan Cek. Ɗakunan kwanan ɗalibai na Kounic, inda samari ke karatun jarrabawa, suka koma kurkukun 'yan sandan ciki na Gestapo. Dubban mutane suka ratsa ta cikinsa, an kashe ɗaruruwa a tsakar gidan. Yahudawan birnin kimanin 10,000 aka kwashe zuwa sansanin Terezín, daga can zuwa sansanonin kisa, kaɗan ne suka dawo. Wanda bai san wannan ba ba zai fahimci fushin da ya biyo baya ba.

Sojojin Tarayyar Sobiyet suka ƙwace Brno a ƙarshen Afrilun 1945. Bayan wata guda hukumomin birnin suka ba da umarnin fitar da Jamusawa. Ga inda abin yake da ciwo: manyan 'yan Nazi sun riga sun tsere, mazan da ke da ƙarfi kuma ko suna hannu a matsayin fursunonin yaƙi ko an tsare su don aikin ƙarfi. Waɗanda umarnin ya hau kansu su ne mata, da yara 'yan ƙasa da shekara 14, da tsofaffi. Fiye da mutum 20,000 suka kama hanya da abin da hannu zai iya ɗauka, cikin zafi, ba isasshen ruwa. Masu tsaronsu da yawa ma'aikatan masana'antar makamai ta birnin ne, wadda ta yi wa sojojin Jamus aiki a tsawon yaƙin. Wasu suka tsallaka Ostiriya. Dubbai suka maƙale a garin Pohořelice, a rumbuna da tsofaffin gine-gine, inda atuni da yunwa suka yi ta ɗibarsu. Mutum 890 ne ke kwance a wani fili a bakin garin. Masana tarihi na ƙiyasta cewa kimanin mutum 1,700 ne suka mutu gaba ɗaya, ƙungiyoyin waɗanda aka kora kuma suna ba da adadin da ya ninka wannan. A faɗin ƙasar, Jamusawa kusan miliyan 3 aka fitar a 1945 da 1946.

Shekara 40 na mulkin kwaminisanci ba a koyar da wannan a aji ba. An rushe zauren taron Jamusawa, an sauya sunayen tituna, sababbin mutane suka shiga gidajen da aka bari. A can Jamus ta Yamma kuwa, mutanen Brno suka kafa ƙungiyarsu, garin Schwäbisch Gmünd ya karɓe su a matsayin uban gida a 1953. Kowane ɓangare yana ta ƙirga gawarwakinsa, ba ya ƙirga na ɗaya.

Gwamnatoci sun yi nasu bayan faɗuwar kwaminisanci. A ranar 21 ga Janairu 1997 Helmut Kohl na Jamus da Václav Klaus na Cek suka sa hannu a wata sanarwa a Prag. Jamus ta ɗauki alhakin mamaya da zaluncin Nazi, Cek ta nuna nadama kan wahalar da korar ta jawo wa marasa laifi. Daga sanarwar aka samar da asusun haɗin gwiwa da ke ɗaukar nauyin ayyukan al'adu da na makarantu. A shekarar kuma aka buɗe ofisoshin Tandem guda biyu, ɗaya a Regensburg ɗaya a Plzeň, masu haɗa makarantu da ƙungiyoyin matasan ƙasashen biyu. Brno kanta tana da ƙawance da biranen Leipzig da Stuttgart na Jamus. Amma takardar da aka sa wa hannu a babban birni ba ta sa mutumin unguwa ya yi maganar abin da ya faru a kan titinsa. Wannan aiki matasa ne suka ɗauka.

A shekarar 2000 wata ƙungiyar matasa a Brno ta rubuta wa majalisar birni tana neman a nemi gafarar waɗanda aka kora. Cikin jagororinta akwai Ondřej Liška, wanda daga baya ya zama ministan ilimi. Amsar da suka samu ba ta kai abin da suka nema ba, amma magana ta fito fili. Bayan 'yan shekaru wani ɗalibin jami'a, Jaroslav Ostrčilík, ya ce zai taka hanyar da ƙafarsa ya ji yadda take. Shi da abokansa 'yan ƙalilan suka tashi daga Brno zuwa Pohořelice, suka maimaita a shekara ta gaba, mutane na ƙaruwa sannu a hankali. A 2009 wata matashiyar marubuciya 'yar birnin, Kateřina Tučková, ta fitar da littafin ƙagaggen labari kan wata budurwa mai uba Bajamushe da uwa 'yar Cek, wadda aka kora da jaririya a hannu. Littafin ya samu karɓuwa ƙwarai, ya shigar da zancen cikin gidajen da ba a taɓa yin sa ba.

Ka lura, babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka haifa lokacin yaƙi. Babu wanda zai ce musu suna wanke kansu ne, babu kuma gidan da suke neman a mayar musu. A ganina wannan ne ya sa maganarsu ta shiga inda ta 'yan siyasa ta kasa.

A Mayun 2015, shekara 70 cif da aukuwar abin, majalisar birnin a ƙarƙashin magajin gari Petr Vokřál ta amince da wata sanarwa ta sulhu. Ta ambaci laifukan mamayar Nazi, sannan ta bayyana nadama kan korar, ta kuma ƙi amincewa da hukunta jama'a gaba ɗaya saboda harshensu ko asalinsu. A wannan shekarar ne aka yi abin da ya fi kowane jawabi tasiri: aka juya hanyar. Maimakon a tashi daga Brno a fita, sai aka fara daga kabarin Pohořelice aka nufo gari, aka ƙare a lambun Mendel. Wasu tsofaffin da suka bar birnin suna yara riƙe da zanen iyayensu mata suka shigo shi da ƙafa, magajin gari na jiransu. Tun daga lokacin ake kiransa Tattakin Sulhu.

Tafiyar yini guda ce. Da safe ake taruwa a filin kaburburan, a yi addu'a da jawabai cikin harsunan biyu. Motocin safa na bin masu tattakin don wanda ya gaji ya hau, tsofaffi da yawa kuma a kilomitocin ƙarshe suke shiga. Abin da ya fi ba ni sha'awa a tsarin shi ne tsawon hanyar. A zauren taro mutum na iya karanta takardarsa ya tafi. A hanyar kilomita 32 kuwa dole ka yi hira da wanda ke gefenka, ko da rabin Jamusanci rabin Ingilishi, ku sha ruwa tare, ka ji abin da kakarsa ta ba shi labari, shi ma ya ji na taka.

Daga 2016 tattakin ya zama wani ɓangare na bikin al'adu mai suna Meeting Brno, wanda Tučková na cikin waɗanda suka kafa shi. Ana yin wasan kwaikwayo, da kaɗe-kaɗe, da muhawara, da zagayen unguwanni inda ake nuna wa matasa wanda ya gina wannan masaƙa da wanda ya zauna a wancan gida. Masu shirya bikin ba su tsaya kan Jamusawa kaɗai ba, domin birnin na al'umma uku ne. A 2017 suka gayyato zuriyar manyan iyalan Yahudawa masu masaƙu, Tugendhat da Löw-Beer da Stiassni, mutum sama da 100 daga ƙasashe daban-daban. Wasunsu ranar suka fara ganin gidan Tugendhat, ginin zamani da Mies van der Rohe ya tsara aka kammala a 1930, wanda iyalin suka gudu suka bari a 1938, yanzu kuma yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO.

Ɓangaren Jamusawa ma ya motsa. A 2015 babbar ƙungiyar Jamusawan da aka kora daga ƙasar Cek ta kaɗa ƙuri'ar cire neman a mayar musu da ƙasa da dukiya daga kundin tsarinta, abin da ya daɗe yana tsorata iyalan da ke zaune a tsofaffin gidajen. Shugabanta Bernd Posselt yana halartar taron Brno, wakilan Jamusawan kuma sukan je tsakar gidan Kounic su ajiye furanni a inda Gestapo ta kashe 'yan Cek. Ginin ya koma abin da aka gina shi dominsa, ɗalibai ne ke kwana a ciki.

Kada a ɗauka kowa ya yarda. Akwai masu tsayawa a bakin hanya da kwalaye, musamman 'yan jam'iyyar kwaminis da masu tsananin kishin ƙasa, suna cewa ana juya tarihi ne, ana mayar da wanda ya tsokano yaƙi abin tausayi. Wasunsu 'ya'yan waɗanda aka kashe a Kounic ne, kuma ba za a ce tsoronsu na banza ba ne. Idan aka ba da labarin Mayun 1945 ba tare da Maris 1939 ba, an yi ƙarya. Sai dai yarinyar da ta mutu da atuni a rumbun Pohořelice ba ta zaɓi Hitila ba, kuma masu tattakin ba su taɓa cewa a manta da 1939 ba. A ɗaya ɓangaren ma akwai tsofaffin da suka mutu ba su sake taka Brno ba, suna ganin nadamar ta zo a makare. Dokar 1946 da ta yafe irin waɗannan ayyuka na bayan yaƙi tana nan a kundi, ba a soke ta ba.

Yanzu waɗanda suka yi tafiyar farko da ƙafarsu suna ƙarewa. Wanda yake ɗan shekara 5 a 1945 ya riga ya wuce 80. Shi ya sa masu shirya tattakin ke matsa wa makarantu su turo ɗalibai daga ƙasashen biyu da Ostiriya, don su ji daga bakin masu labarin tun suna raye. Tun da Cek ta shiga Tarayyar Turai a 2004, aka kuma cire shingen iyaka a ƙarshen 2007, zuwa Brno daga Jamus ko Ostiriya ba ya buƙatar komai sai kuɗin mota.

Shi kuwa Mendel, a 2021 masana kimiyyar birnin suka buɗe kabarinsa suka nazarci ƙwayoyin gadonsa, gabanin bikin cikarsa shekara 200 da haihuwa a 2022. Mutum-mutuminsa na farin dutse, wanda aka kafa a 1910, yana tsaye a lambun. Kusa da shi akwai wani ƙaramin dutse da aka aza a 1995 don tunawa da Jamusawan da aka kora, da rubutu cikin harsunan biyu. A gindinsa masu tattaki ke kunna kyandir idan sun iso da yamma, kafin su nemi shalinar da za ta kai su masauki.