Kogin Jama'are Da Hanyoyin Da Yake Cinyewa

A watan Agusta na shekarar 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, motoci suka yi cirko-cirko, fasinjoji da 'yan kasuwa suka rasa ta inda za su bi. Wannan labari ya kai kunnen kowa domin hanyar ta Gwamnatin Tarayya ce. Amma ƙananan hanyoyin da ke bin gaɓar Kogin Jama'are, wato turbobin manoma da burtalin shanu da mashigai, da wuya damina ta wuce ruwa bai ci wani abu daga cikinsu ba, kuma ba mai jin labari.

Shi dai wannan kogi ya taso ne daga tsaunukan Jos, ana kiransa Bunga a can sama. Ya ratsa ƙasar Ningi, ya biyo ta Jama'are da tsohon garin Katagum, wanda shi ne hedkwatar masarauta kafin a koma Azare a farkon zamanin Turawa. Daga nan ya haɗu da Kogin Haɗeja a wajen Gashuwa, su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi.

Abin da ke sa kogin sauya hanya ba ɓoyayye ba ne. Yakan sauko daga tudu da ƙarfi, ɗauke da yashi. Da ya iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai gudunsa ya ragu, yashin ya kwanta, cikin kogin ya cike. A duk inda ya yi kwana, ruwa yakan riƙa zaizayar gaɓar waje ta ƙarƙashi har ta rufta, ya tara yashi a gaɓar ciki. Ranar da aka yi babbar ambaliya, irin ta 2022 wadda ta yi ɓarna a Zaki da Jama'are, sai ya fasa gaɓa ya yanki sabuwar hanya. Turbar da ake bi bara sai ta zama tsakiyar ruwa bana, mai gona a tsallake kuma sai ya biya kuɗin fito.

An datse ruwan da ke zuwa Haɗeja da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Shi kuwa Kogin Jama'are ba a gama madatsar Kafin Zaki da aka shirya masa ba, saboda haka ambaliyarsa tana zuwa yadda Allah ya saukar da ita. Kada a manta, wannan ambaliya ita ce ke jiƙa fadamu, ta ba da shinkafa da kifi da ciyawar rani. Ke nan maganin ba hana kogi malala ba ne.

Abin da ya kamata shi ne a ba shi filinsa. A janye hanyoyi daga gaɓar da ke zaizayewa, a yi kwalbatoci masu faɗi, a bar sare itatuwan bakin ruwa. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita da ƙananan hukumomi su riƙa duba gaɓar kowace kaka, su kuma tuntuɓi dattawa da masunta, domin su ne suka san inda ruwa ya taɓa bi. Inda ya bi jiya, ba shakka zai sake nemansa wata rana.