Halittun Da Ke Cin Gubar Fetur a Ƙarƙashin Laka



'Yan'uwa, mazauna Abijan ba su manta da watan Agusta na 2006 ba, lokacin da aka sauke dattin man fetur daga jirgin ruwan Probo Koala aka zubar a Akouédo da wasu unguwanni. Sama da mutum 100,000 suka nemi magani. Waccan musiba ta zo a dare ɗaya. Akwai kuma wadda ke zuwa kaɗan-kaɗan: fetur da ake wanke kayan inji da shi a garejojin Adjamé, a tuttular a kwata, ruwan sama ya kwashe shi zuwa tafkin Ébrié da Treichville ke bakinsa.

A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda ke haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikirogiram 10 a litar ruwan sha.

Daga rahamar Allah, Ya halicci ƙwayoyin bakteriya masu cin wannan guba. Inda iska take, suna amfani da iskar oksijin su fasa benzin da sauri. To amma ƙasan laka babu oksijin, kuma ƙirar benzin zobe ce ta kabon shida mai wuyar ɓallewa. An daɗe ana zaton ba ya ruɓewa a can, sai a shekarun 1980 masana a Amurka suka nuna yana ruɓewa. Waɗannan halittu suna numfashi da abin da ke wurin: naitiret, ko tsatsar ƙarfe kamar yadda jinsin Geobacter ke yi, ko salfet. Sau da yawa aikin gayya suke yi, wannan ya fasa, wancan ya cinye ragowar, har a ƙare da iskar kabon da metan.

Sai dai aikin yana cin watanni ko shekaru, wani wurin ma ba ya farawa. Kafin su gama, gubar tana iya isa rijiya.

Manzon Allah (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudana. Ina ga zuba masa guba? Don haka masu gareji su tara dattin mai a cikin duro, makanikai su daina wanke hannu da fetur, limamai kuma su tunatar a huɗuba.

Allah Ya sa mu dace, amin.