Masu Jan Carbin Kirishna

A garin Nabadwif na yankin Bengal, can Indiya, aka haifi Caitanya cikin 1486. A zamaninsa karatun manyan littattafan Hindu gadon gidan malamai ne, watau Barahman. Mai ƙaramin asali kuwa sai hange daga nesa.

Caitanya ya koyar da cewa duk mai yawan ambaton sunan Kirishna, abin bautarsu, zuciyarsa za ta farka, ko ɗan wane ne shi.

Har yau mabiyansa suna jan carbi mai ƙwaya 108, kowace ƙwaya da addu'a guda mai kalmomi 16, wadda suke kira mantara. 'Yan ƙungiyar Hare Kirishna, da aka kafa a Amurka cikin 1966, sukan zagaye carbin sau 16 kullum, aikin wajen awa biyu ke nan.