Amanar Saƙo a Wurin Aiki: Tushen Ƙwarewar Sadarwa a Mahangar Ilimomin Musulunci

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki sadarwa tsakanin ma'aikata a matsayin amana mai alaƙa da haƙƙoƙin bayin Allah. Ta nuna cewa ginshiƙan wannan ƙwarewa suna nan shimfiɗe a cikin fannoni uku da ɗalibin ilimin addini ya saba da su, wato balaga da musɗalahul hadisi da fiƙihu, sannan ta bayyana yadda za a yi aiki da su a ofis da makaranta da asibiti da kotu.

Gabatarwa

Kaɗan ne daga cikin ɗaliban Shari'a da Larabci da Nazarin Addinin Musulunci suke ƙarewa a kan mumbari. Mafi yawansu aiki yakan kai su kotuna da makarantu da hukumomin zakka da na alhazai da bankuna da ma'aikatun gwamnati. A duk waɗannan wurare magana ce ke tafiyar da aiki: umarni ya sauko, rahoto ya hau, takarda ta tashi daga wannan teburi zuwa wancan. Idan saƙo ya gurɓace a hanya, haƙƙin wani ne ke salwanta. Albashin magidanci ya maƙale saboda an kuskure lamba ɗaya, a ɗage shari'ar marainiya saboda sammaci bai faɗi rana ba, a maimaita wa majiyyaci allura saboda ma'aikacin dare bai gaya wa na safe cewa an riga an yi ba. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da mayar da amanoni ga masu su, kuma saƙon da aka damƙa wa ma'aikaci yana cikin waɗannan amanoni. Ba a cewa ya sauke ta sai saƙon ya isa ga mai shi, a kan lokaci, ta fuskar da zai fahimta.

Asalin fannin a tarihin Musulmi

Tun a Madina aka fara ba wa sadarwar hukuma tsari. Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit (RA) da ya koyi rubutun Yahudawa domin wasiƙu su riƙa bi ta hannun amintacce, ya kuwa koya cikin kimanin rabin wata. Da aka sanar da shi cewa Rumawa ba sa karanta wasiƙar da ba ta da hatimi, sai ya sa aka yi masa zoben azurfa na buga hatimi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Ke nan an kula da harshen wanda ake rubuta wa, an kuma kula da ƙa'idar da ya saba da ita.

Bayan haka aikin magatakarda ya zama fanni mai zaman kansa. Abdulhamid al-Katib, magatakardan Marwan ɗan Muhammad, halifan ƙarshe na Banu Umayya, ya rubuta wa abokan sana'arsa wasiƙa kan ladubban aikinsu, wadda Ibn Khaldun ya kawo a cikin Muƙaddima. Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 276 bayan Hijira, ya wallafa Adabul Katib, shi kuma Ƙalƙashandi ya kammala Subhul A'asha a Misira a 814 bayan Hijira, aka buga shi daga baya cikin mujalladi 14. A Daular Sakkwato ma ofishin Waziri, tun zamanin Gidado ɗan Laima, shi ke kula da wasiƙun da ke kai-komo tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan masarautu. Saboda haka mai neman ƙwarewa a wannan fage gadon gidansu yake nema.

Mai magana: mizanin balaga

Malaman balaga, irin su Khaɗibul Ƙazwini a Talkhisul Miftah da Akhdari a Jauharul Maknun, sun auna ingancin zance da dacewarsa da abin da hali yake buƙata, tare da tsarkin lafazi. Wannan mizani yana tilasta wa mai magana ya tambayi kansa abu uku kafin ya buɗe baki ko ya ɗauki alƙalami: da wa nake magana, me ya riga ya sani, me nake so ya aikata?

Sun kuma kasa mai sauraro gida uku. Akwai wanda bai san komai game da labarin ba, shi ana ba shi labari kai tsaye ba tare da ƙarfafawa ba. Akwai mai kokwanto, wanda ake ƙara masa ɗan ƙarfafawa. Akwai kuma mai musu, wanda dole a ƙarfafa masa magana gwargwadon musunsa. Ma'aikacin da zai sanar da abokan aiki an sauya ranar taro jumla ɗaya ta ishe shi. Wanda kuwa zai nemi shugabansa ya janye shawarar da ya riga ya yanke, sai ya zo da alƙaluma da takardu da dalilai a jere. Kuskuren da aka fi yi shi ne juya lamarin: a cika sanarwa mai sauƙi da dogon sharhi, a kuma tunkari babban al'amari da jumla ɗaya tilo.

Haka batun ijazi da iɗnabi, wato taƙaitawa da tsawaitawa, kowanne da muhallinsa. Shugaban da takardu hamsin ke jiransa yana buƙatar a fara masa da abin da ake nema a layin farko, dalilai su biyo baya. Sabon ma'aikaci kuwa taƙaita masa bayani cutarwa ce. Wasiyyar da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Mu'azu ɗan Jabal (RA) lokacin da ya aike shi Yaman abar koyi ce wajen ba da umarnin aiki. Ya fara sanar da shi irin mutanen da zai tarar, cewa Ahlul Kitabi ne. Sai ya jera masa ayyukan bisa fifiko: shahada, sannan salla, sannan zakka. Daga nan ya nuna masa iyakarsa, ya hana shi taɓa mafi kyawun dukiyoyin mutane, ya gargaɗe shi game da addu'ar wanda aka zalunta. Duk shugaban da ya tura ma'aikaci ba tare da waɗannan ukun ba, wato sanin mutanen da jerin ayyukan da iyakar iko, yana da kaso a cikin duk kuskuren da ya biyo baya.

Zaɓen harshe ma yana cikin dacewa da hali. Aya ta 4 a Suratu Ibrahim ta nuna kowane Manzo da harshen mutanensa aka aiko shi domin ya yi musu bayani. A ofisoshin Najeriya takarda da Ingilishi ake rubuta ta, a Nijar da Faransanci, alhali masinja da direba da mai gadi da yawancin masu zuwa neman biyan buƙata Hausa suke ji. Wanda ya miƙa wa dattijo takardar da ba zai iya karantawa ba, bai kuma fassara masa ba, takarda ya miƙa, saƙo yana nan a wuyansa. A ɗaya ɓangaren, hadisin Bukhari da Muslim ya hana mutum biyu yin ganawa su bar na uku saboda hakan na baƙanta masa rai, kuma malamai sun shigar da komawa ga harshen da na ukun ba ya ji a ƙarƙashin wannan hani.

Mai saurare da mai isarwa: darasi daga ilimin hadisi

Babu fannin da ya yi wa ɗaukar magana da isar da ita hidima kamar musɗalahul hadisi. Malamansa sun raba aikin mai ruwaya biyu: tahammuli, wato karɓa, da ada'i, wato isarwa. Sun kuma shardanta masa adala da dabɗi, wato gaskiya da kiyayewa, domin mutum yana iya zama mai gaskiya amma ya ɓata saƙo saboda raunin riƙo.

Karɓa tana farawa da sauraro har ƙarshe. Ibn Hisham ya kawo yadda Utba ɗan Rabi'a ya zo da tayin Ƙuraishawa, Manzon Allah (SAW) ya saurare shi bai katse shi ba, ya kira shi da alkunyarsa ta Abul Walid, ya tabbatar ya gama kafin ya mayar da jawabi. Wasiƙar Umar (RA) zuwa ga Abu Musal Ash'ari kan alƙalanci, wadda Ibnul Ƙayyim ya yi wa dogon sharhi a I'ilamul Muwaƙƙi'in, ita ma ta gabatar da fahimtar abin da aka kawo a kan yanke hukunci.

A nan akwai wata al'ada tamu da ke buƙatar gyara. Kunya da girmama na gaba sukan sa ƙaramin ma'aikaci ya ce "to, ranka ya daɗe" alhali bai fahimci umarnin ba, ya fita ya yi ta laluben abin da ake nufi. Kunya alheri ce, amma A'isha (RA) ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Matambayi ba ya ɓata. Hanya mafi sauƙi ita ce mai karɓar umarni ya maimaita shi da bakinsa: "Ranka ya daɗe, abin da na fahimta shi ne in kai fayil ɗin ofishin kuɗi kafin azahar, in dawo da sa hannunsu." Wannan ya yi kama da abin da masu hadisi ke kira arli, inda ɗalibi ke karanta wa malami domin a gyara masa.

Wajen isarwa kuwa, ƙa'idoji uku na masu hadisi sun isa jagora. Ta farko, bambanta abin da mutum ya ji da kunnensa da abin da ya iso masa ta bakin wani. "Shugaba ya ce mini" daban, "an ce shugaba ya ce" daban. Ta biyu, guje wa idraji, wato cusa maganar mai ruwaya a cikin matani ba tare da rarrabewa ba. Sakataren da aka ce ya sanar da jinkirta biyan alawus, sai ya ƙara da "da alama ba za a biya ba" kamar daga shugaba ta fito, ya yi idraji, kuma yana iya tayar da fitina a ma'aikata baki ɗaya. Ta uku, ruwaya da ma'ana, wadda jumhuru suka halatta ga wanda ya san abin da ke sauya ma'anar lafazi kaɗai. Adadin kuɗi da kwanan wata da sunan magani ba a isar da su da ma'ana. Rubuta su ake yi. Aya ta 6 a Suratul Hujurat da ta yi umarni da bincikar labari, da hadisin da ke muƙaddimar Sahihu Muslim mai nuna cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi ƙarya, sun shafi mai tura saƙo a zauren WhatsApp na ma'aikata kamar yadda suka shafi mai magana da baki.

Rubutu: darasi daga ayar bashi

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta mu'amala ta sauka. Jumhurun malamai sun ɗauki umarnin a matsayin mustahabbi, Ɗabari da Ibn Hazm suka tafi a kan wajibci. Abin lura shi ne sharuɗɗan da ta gindaya: ajali ambatacce, marubuci mai adalci, kada a tauye komai, kada a ƙosa da rubuta ƙarami ko babba, a kafa shaidu. Ta kuma faɗi hikimar, cewa hakan ya fi adalci, ya fi tsayar da shaida, ya fi nesanta shakka.

Waɗannan su ne siffofin kyakkyawar takardar ofis. Bayanin taron da ya ce "an amince a gyara rufin ajujuwa nan ba da jimawa ba" bai ambaci ajali ba, bai ɗora aikin a wuyan kowa ba, don haka damina za ta tarar da rufin yadda yake. Ingantaccen bayani shi ne wanda ya faɗi wa zai yi, me zai yi, zuwa yaushe, da nawa. Neman a rubuta yarjejeniya tsakanin abokan aiki ba rashin yarda ba ne, tunda muminai aka fara yi wa umarnin.

Magana mai nauyi: gyara da ƙorafi da alkawari

Inda sadarwa ta fi wuya shi ne wurin faɗin abin da ba a son ji. An umarci Annabi Musa da Annabi Haruna (AS) da su yi wa Fir'auna magana mai laushi, kamar yadda ya zo a aya ta 44 a Suratu Ɗaha, alhali saƙon da suke ɗauke da shi bai ragu da komai ba. Laushi a lafazi yake, gaskiyar kuwa a cike ake faɗinta. Shugaba mai gyara ya keɓe ma'aikacinsa, ya ambaci aikin da aka kuskure da ranar da abin ya faru da yadda ake so ya kasance, ya bar asalin mutum da halittarsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wasu masu tsoron Allah sukan ƙi kai rahoton ɓarna don gudun giba. Imamun Nawawi a Riyadus Salihin ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, daga cikinsu akwai kai ƙarar zalunci ga mai ikon hanawa, da neman taimako wajen kawar da munkari, da faɗin gaskiya ga wanda ya nemi shawara. Rahoton da aka kai wa mai alhakin gyara, gwargwadon buƙata, da nufin gyara, nasiha ce. Maganar nan ɗaya idan aka baje ta a wurin shan shayi ta koma giba. Haka sirrin ofis, kamar sakamakon gwajin majiyyaci ko abin da aka tattauna a kwamitin ladabtarwa, amana ce da ɗaukar hotonta a waya a tura wa wani ha'inci ne.

Sai kuma alkawari. "In sha Allahu" kalma ce da aya ta 23 da ta 24 a Suratul Kahfi suka koyar ga mai niyyar aikatawa. Mayar da ita hanyar sallamar mai buƙata, alhali an san ba za a yi ba, wasa ne da sunan Allah da lokacin bawansa, kuma farkon Suratus Saffi ya yi kakkausan zargi ga faɗin abin da ba a aikatawa. "Ba zai yiwu a wannan mako ba, ga dalili, ga kuma ofishin da za ka je" ta fi alheri nesa ba kusa ba.

Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa balaga tana koya wa ma'aikaci auna mai sauraro, ilimin hadisi yana koya masa karɓa da isarwa ba ƙari ba ragi, fiƙihu kuma yana nuna masa abin da za a rubuta da abin da za a faɗa da wanda za a ɓoye. Abin da ya rage shi ne sassan Larabci da Shari'a da Nazarin Addinin Musulunci su haɗa waɗannan darussa da aikin hannu: ɗalibin balaga ya rubuta takardar neman izini da bayanin taro a gyara masa, ɗalibin hadisi ya gwada isar da umarni ta bakin mutum uku a ga inda ya sauya. Annabi Musa (AS) da aka ɗora masa manzanci ya roƙi a warware ƙullin harshensa domin a fahimci maganarsa. Muna roƙon Allah Ya daidaita harsunanmu da alƙalumanmu, Ya ba mu ikon sauke amanonin da ke wuyanmu. Allah ne Mafi sani.